Shawara: Akwai allurar da za ta kare Baba daga ƙunar gashin daji?

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shara Mansur. Mahaifina ɗan shekara 63 ne. Mako biyu ke nan da aka yi masa aikin ciwon daji a gefen harshe, aka haɗa da ƙululun wuya na ɓangaren dama. Likitoci sun ce nan da mako uku zai fara gashin daji da hasken inji, jalsa 30, wato zama 30. Yana da hawan jini, kullum sai ya sha ƙwaya, kuma ba ya barin azumin Litinin da Alhamis. Wani maƙwabcinmu da aka yi wa irin wannan gashin, yau shekara biyu ba ya haɗiye loma sai da ruwa, haƙoransa duk sun zube. Na ji an ce akwai allurar da ke kare lafiyayyen jiki, sunanta amifostine. Yayana ya sayo bitamin E da man habbatus sauda, wata 'yar'uwa kuma ta ce mu nemi ƙwayar aidin irin ta hatsarin nukiliya. In nemi allurar a saidaliyya? Me zan ba shi, me zan hana shi?

Wata baiwar Allah, Makka

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alherin wannan ɗawainiya.

Allurar da kika ji labari akwai ta, kuma tana aiki gwargwado. Sai dai ba a sayenta a kai gida, kuma ba ita ce babbar garkuwar bakin Baba ba. Abin da zai hana shi shiga halin maƙwabcinku, galibinsa a cikin makonni ukun nan za a yi shi ko a rasa shi, tun kafin a kunna masa inji.

Ga yadda gashin yake yi. Injin yana harba haske dangin na hoton ƙirji, amma ƙarfinsa ya fi wancan nesa ba kusa ba. Jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne, to idan hasken ya ratsa sai ya farfasa ruwan da ke cikin ƙwayoyin halitta ya zama wasu tarkace masu lahani, su kuma su afka wa DNA, wato kundin umarnin da ƙwayar ke bi ta rayu ta hayayyafa, su tsittsinka shi. Wajen kashi biyu cikin uku na ɓarnar ta wannan hanyar take zuwa. Lafiyayyar ƙwaya ta fi ta daji iya ɗinke ɓarakarta, shi ya sa ake gutsuttsura gashin: gire 2 a rana (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da nama ya sha), kwana biyar a mako, Lahadi zuwa Alhamis a nan Saudiyya. Jalsa 30 ɗin Baba gire 60 ke nan cikin mako shida. Matsalar ita ce maɓuɓɓugan miyau ba su da juriya. Manyansu biyu suna gaban kunnuwa, su ne ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Wasu biyu suna ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma mai yiwuwa an riga an cire ta dama a aikin wuyan da aka yi masa, domin haka ake yi a mafi yawan lokuta. Ke nan Baba zai shiga gashi da ragin miyau tun asali, abin da ya rage masa dole a tsare shi.

Amifostine a dakin binciken soja aka haife ta. Cibiyar Walter Reed ta sojojin Amurka ta gwada sinadarai fiye da 4,000 a zamanin yaƙin cacar baka, tana neman abin da zai kare soja daga bam ɗin nukiliya, wanda ya yi zarra shi ne mai lamba WR-2721. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995 domin kare ƙoda daga maganin daji mai suna cisplatin, sannan a 1999 domin rage bushewar baki ga wanda ake wa gashin kai da wuya bayan tiyata. Ana sayar da shi da sunan Ethyol. Hikimarsa ita ce yana shiga jini a kulle. Sai ya haɗu da wani sinadari da ke jikin bangon ƙananan jijiyoyin jini, shi ne zai buɗe shi ya koma abin da ke shanye tarkacen nan kafin su kai ga DNA. Lafiyayyen nama ya fi ƙarin daji yawan wannan sinadari da kyawun hanyoyin jini, don haka maganin ya fi saurin taruwa a cikinsa, musamman a maɓuɓɓugan miyau da ƙoda.

Wannan fifikon na ɗan lokaci ne, kuma a nan za ki gane dalilin da ya sa ba maganin gida ba ne. Minti shida bayan allura, abin da ya rage a cikin jini bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Tarkacen da ake son ya kama kuwa ba sa kai ƙiftawar ido. Dole maganin ya kasance cikin nama a daidai lokacin da injin ke aiki. Ana ba da miligiram 200 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki, ta jijiya, cikin minti uku, saura minti 15 zuwa 30 a fara jalsa. Dattijo matsakaici mai faɗin jiki 1.7 zai karɓi miligiram 340 daga kwalba mai 500. Kullum ne, sau 30, tare da awon jini kafin allura da bayanta, da maganin amai tun kafin a fara. Idan layi ya yi tsawo ko injin ya tsaya aka yi jinkirin awa guda, amfanin allurar ranar yana iya raguwa.

Babban gwajin da aka dogara da shi an wallafa shi a 2000, an yi shi kan mutum fiye da 300. Bushewar baki mai tsanani a lokacin gashi ta sauko daga kashi 78 cikin 100 zuwa 51, wadda ke ɗorewa bayan shekara kuma daga 57 zuwa 34. Ba a ga alamar ya kare dajin ba. Amma bai rage gyambon baki ba ko kaɗan, kuma fiye da rabin waɗanda suka karɓa sun yi fama da tashin zuciya ko amai. Wajen kashi 15 jininsu ya sauka, kashi 17 kuma sai da aka dakatar musu da shi. Akwai atishawa, shaƙuwa, jiri, raguwar kalsiyam a jini. Wanda muka fi tsoro, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne ƙurajen da ke sa fata da leɓe su saluɓe, suna iya kisa. Duk wanda ke karɓar wannan allura ya ga ƙurji a wajen da gashi ba ya taɓawa, ko a tafin hannu da ƙafa, ko ya haɗu da zazzaɓi, a tsaya a nuna wa likita kafin allura ta gaba.

Ki auna wannan da halin Baba. Wanda ake yi wa babban awon amifostine kafin cisplatin akan dakatar masa da maganin hawan jini awa 24 kafin allura. Shi kuwa na kullum ne har mako shida, ba a ajiye maganin hawan jini tsawon haka kai-tsaye, sai likita ya sake tsara awo da lokacin sha. Ga zafin Makka, ga bakin da zai riƙa ciwo har shan ruwa ya yi wuya, ga amai. Dattijo a wannan hali idan jininsa ya sauka yana iya yanke jiki ya faɗi, ƙodarsa ma ta taɓu. Ra'ayinmu shi ne ki tambaya, domin Baba yana cikin rukunin da aka amince a yi wa, amma idan likitan gashi ya ce babu buƙata, kada ki ɗauka rowa ce ko sakaci. Ba kowane asibiti ma ke ajiye ta ba yanzu.

Dalilin da ya sa ta ja baya shi ne wancan gwajin da tsohon salon gashi aka yi shi, wanda ke dukan gefen fuska biyu gaba ɗaya. Yanzu akwai salon da ake kira IMRT, da ƙaninsa VMAT. Ana ɗaukar hoton sikan na kai da wuya, likita ya zauna gaban kwamfuta ya zana inda ake son gashi ya cika, ya kuma zagaye maɓuɓɓugan miyau da laka da muƙamuƙi ya ƙayyade musu iyaka, injin ya riƙa sauya siffa da ƙarfin hasken yana kewaya kan. Abin da ake nema shi ne matsakaicin abin da zai faɗa kan maɓuɓɓugar gaban kunne kada ya wuce gire 26, aƙalla a gefe ɗaya, in an samu ƙasa da 20 ya fi. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2011, bayan shekara guda kashi 74 cikin 100 na masu tsohon salo suna da bushewar baki mai tsanani, masu IMRT kuwa kashi 38. Bayan shekara biyu ya zama 83 da 29. Babu allura, babu amai. Shi ya sa jagorar da ƙungiyar likitocin daji ta Amurka da abokan aikinta suka fitar a 2021 ta ƙarfafa IMRT, ta kuma ce hujjar ƙara amifostine a kan salon zamani ba ta isa ba. Manyan cibiyoyin daji na ƙasar nan, irin su Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad da Jidda, da Birnin Lafiya na Sarki Abdullah a nan Makka, suna da injinan wannan aiki.

Tun ran gini ran zane. Ranar da za a auna Baba a zuba masa abin rufe fuska na roba, ki je tare da shi ki tambayi likitan gashi kai-tsaye: da IMRT za a yi? Gefe ɗaya na wuya za a gasa ko duka biyun? Gire nawa zai faɗa kan maɓuɓɓugar gaban kunnen hagu, kuma za a iya tsare ta ƙarƙashin muƙamuƙin hagu? Za a haɗa da cisplatin? Amsar ƙarshen nan tana da nauyi, domin cisplatin yana ƙara gyambon baki da amai, yana kuma bukatar a tsare ƙoda da ruwa. Wani lokaci dajin yana kusa da maɓuɓɓugar har ba a iya kauce mata, to a nan kashe daji ne gaba, kuma a irin wannan hali ne maganar amifostine ke da muhalli.

Yanzu kwalbar bitamin E. Don Allah ki roƙi yayanki ya ajiye ta. Niyyarsa kyakkyawa ce, tunanin ma ba shirme ba ne, domin bitamin E yana shanye irin tarkacen da muka faɗa. Amma ba ya bambance lafiyayyen nama da na daji, alhali da tarkacen nan ake kashe dajin. An gwada a Kebek ta Kanada kan mutum 540 masu dajin kai da wuya, aka ba rabinsu bitamin E awo 400 a kullum tare da gashi, wasu har da bita-karotin. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna illolin gashi sun ɗan ragu, amma dawowar daji ta fi yawa a cikin masu shan bitamin, daga baya aka ga mace-mace ma sun fi yawa, musamman ga masu shan taba a lokacin gashi. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka hukuncin yake ga manyan awo na bitamin C da duk wani haɗin da aka rubuta masa cewa yana wanke guba. Abin da ke cikin abinci, lemo ne ko ganye ko gyaɗa, babu laifi.

Habbatus sauda muna girmama matsayinta. 'Yar barbaɗawa a abinci ba damuwa. Tataccen man da ake sha cokali-cokali ko a ƙwanso kuwa a jinkirta shi har a gama gashi, saboda yana da irin wancan hali na shanye tarkace, kuma yana yi wa ɗanyen gyambo zafi. Zuma tana da hujja mafi ƙarfi: wasu gwaje-gwaje sun nuna tana rage tsananin gyambon baki idan an sha mililita 20 a hankali minti 15 kafin jalsa, minti 15 bayanta, da kuma bayan awa shida. Sharaɗin shi ne ba shi da ciwon suga, kuma ya wanke baki bayan kowane sha, domin zaƙi a busasshen baki shi ne ajalin haƙori. Zamzam ya sha iya sha.

Ƙwayar aidin ba ta da hurumi a nan. Aikinta ɗaya ne tak: ta cika ƙullin maƙoshi, wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo, da aidin mai kyau domin kada ya zuƙi mai guba da ke tashi idan tashar nukiliya ta fashe, kamar a Carnobil a 1986. Hasken injin gashi ratsawa yake ya wuce, babu abin da za ta tare. Saboda wannan dalilin ne ma Baba ba ya ɗauke da komai idan ya fito daga jalsa. Jikoki su hau cinyarsa, a ci abinci kwano ɗaya.

Abin da ya fi kowanne gaggawa shi ne likitan haƙori, kuma a wannan makon. Miyau ne ke wanke haƙora yana kashe tsamin da ke cinye su. Idan ya ƙafe, ruɓa tana kama wuyan haƙori daidai dasashi, cikin watanni ya karye. Sannan gashi yana rage jinin da ke ciyar da ƙashin muƙamuƙi har abada, ta yadda idan aka cire haƙori bayan gashi ramin yana iya ƙin warkewa, ƙashin ya mutu ya ruɓe. Saboda haka duk haƙorin da ba shi da makoma, mai girgiɗi ko mai ruɓa har saiwa, a cire shi yanzu, a bar wa ramin aƙalla kwana 10 zuwa 14 kafin jalsar farko. Ba a son gashin bayan tiyata ya wuce mako shida bai fara ba, kin ga babu sarari. Ki nemi takardar turawa daga sashen gashi. A ɗauki hoton muƙamuƙi duka, a kankare dattin haƙora, a cike ramuka, a rubuta masa fulorayid mai ƙarfi: ko man goge baki mai awo 5,000, alhali na kanti bai wuce 1,450 ba, ko kuma mai kauri da ake zubawa a mazubin roba da aka yi daidai haƙoransa, ya sa minti biyar kowane dare, kada ya ci ko ya sha har rabin awa. Wannan na tsawon rai ne. Duk likitan haƙorin da zai gani nan gaba, ko bayan shekara 10, a fara gaya masa an yi gashi.

Gyambon baki yakan fara a mako na biyu zuwa na uku, ya tsananta wajen ƙarshe, ya ci gaba mako biyu ko fiye bayan an gama. Ki haɗa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na sodar girki (baking soda) a lita ɗaya ta ruwa, sabo kullum, ya kurkure sau shida zuwa takwas a rana. Buroshi mai laushi ƙwarai. Asuwaki a ajiye shi idan baki ya fara ja, domin yana ƙarce dasashi. Ruwan kurkure baki na kanti mai sinadarin barasa ƙuna zai ƙara masa. Akwai mai suna benzydamine da likita zai iya rubutawa, mililita 15 a kurkure a tofar, in yana zafi a sirka da ruwa daidai wa daida. Idan kika ga fararen tabo kamar kindirmo a harshe ko kunci, wannan gansakukar baki ce, tana da maganinta daban. Maganin ciwo kuma a nema kafin ciwon ya hana ci, a sha rabin awa kafin abinci, har morfin idan ta kai, babu abin kunya a ciki. Taba, shisha, shamma da tumbak a yanke su gaba ɗaya. Goro ma a huta, ɓarɓashinsa yana maƙalewa a gyambo. Kullum ya riƙa buɗe baki iya iyawa ya rufe, sau 20, safe da rana da dare, domin muƙamuƙi kada ya riƙe.

A abinci girkinmu ya yi mana gata. Miyar kuka, kuɓewa da karkashi suna yi wa loma santsin da miyau ke yi, muddin babu yaji. Tuwo mai ruwa-ruwa, faten dankali, kunun gyaɗa ba tsami, fura da madara, ƙwai, kifi, naman da aka niƙa a miya. Kunun tsamiya, lemon tsami, tsire da yajinsa, gahawa da shayi mai tururi, duk sai bayan baki ya warke. Mutum mai kilo 65 yana son wajen giram 80 zuwa 95 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne, kin ga sai an dage da madara da wake da nama, ci kaɗan-kaɗan sau shida. Ruwa lita biyu zuwa uku, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Sanyin na'urar ɗaki yana busar da iska, a kawar da gadonsa daga saitinta, a ajiye masa ruwa a gefe da dare.

Ki riƙa auna shi duk mako a sikeli ɗaya. Idan ya rasa kilo uku a faɗa wa likita. Bayan raunin jiki, rama tana sa abin rufe fuskar ya yi masa yawa, kai ya riƙa motsi, hasken da aka zana ya kauce wa maɓuɓɓugar miyau ya koma faɗa mata. A irin haka akan sake sikan a sake zane. Idan an kawo shawarar sa bututun abinci ta hanci ko ta ciki, kada ku ƙi, na wucin gadi ne.

Azumin Litinin da Alhamis ranakun jalsa ne duka biyun. Ki lallashe shi ya dakata har ya warke. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a na farilla ma, balle nafila, in kuma ya fi jin maganar malaminsa, a je da malamin. Jalsa kuwa kada a tsallake ko ɗaya don baki na ciwo, domin dajin baki yana saurin hayayyafa a duk ratar da aka ba shi. Zazzaɓin da ya kai 38, kasa shan ruwa yini guda, raguwar fitsari, jiri idan ya miƙe, ko jini daga baki, a tafi sashen gaggawa a ranar.

Idan an gama, miyau yakan ɗan dawo a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu idan an tsare maɓuɓɓugar. Cingam mara suga da miyau na roba suna taimakawa. Akwai ƙwayar pilocarpine, miligiram 5 sau uku a rana, mai zaburar da abin da ya tsira, ana ba ta mako 12 kafin a yanke ko ta yi. Tana sa gumi sosai, don haka a zafin nan sai an ƙara ruwa, kuma ba a ba mai asmar da ba ta lafa ba ko mai wani nau'in hawan jinin ido. A riƙa gwada jinin ƙullin maƙoshi duk wata shida zuwa shekara, domin gashin wuya yakan raunana shi, sai a ga kasala da jin sanyi a ɗauka tsufa ne, alhali ƙwaya ɗaya da safe ke gyara shi.

Gobe da safe ki fara da takardar likitan haƙori, ki kuma tattara duk abin da Baba ke sha, na asibiti da na gida, a leda ɗaya ki kai wa likitan gashi ya gani da idonsa. Allah Ya sa a gama lafiya.